Maganin da Na Riƙa Aika wa "Wata Mata"

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai. Sunayen abokan makaranta sun tafi, wani lokacin ma sai in tsaya tsakar gida ina neman tabarau alhali yana kan hancina. Amma shekara guda da 'yan watannin da na yi ina aika wa mahaifiyata maganin basir, alhali ciwon daji ne ke cin hanjinta, wannan kam ba zan manta da shi ba har ranar da za a kai ni makwancina. Na daɗe ina riƙe da shi a ciki. Yau dai zan faɗa, ko wani ya tsira da tasa uwar.

A farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin ne. Ina malamin asibiti a wani ɗakin shan magani a Dutsin-Ma, ga farar riga, ga sabon babur, ina ji da kaina ƙwarai. An san ni da faɗa, kuma abin da na fi tsana a aikin nan shi ne aiken magani. Mutum zai zo ya tsaya maka ƙiƙam ya ce matarsa ba ta da lafiya, a ba shi ƙwaya ya kai mata. Sai in ɗaga murya yadda duk na kan benci za su ji, in ce, "Ni boka ne da zan duba ta daga nan? Koma ka kawo ta!" Na kori mutane da yawa haka, kuma ina ganin daidai na yi.

To, ni ɗan fari ne. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba, dariya ma suke yi in ana ba su labari. A Tamawa aka haife ni, wani ƙauye kusa da Kurfi, ana yaye ni aka miƙa ni wajen kakata. Inna mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. In na je gaishe ta, a bakin ƙofar ɗaki nake durƙusawa, ita kuma ta kau da kai gefe ta amsa a taƙaice. In za ta ba ni fura, ba ni take gaya wa ba, sai ta ce da iska, "A miƙa wa baƙon nan." Ba ƙiyayya ba ce, wallahi. A bayan idona ba ta da hirar da ta wuce tawa, har mata sun gaji da jin ɗanta malamin asibiti. Kunya ce kawai irin tamu, kuma da ita ake auna mutuncin mace a lokacin. Mahaifinmu ya riga ya rasu, don haka duk saƙon da ke tsakanina da Inna ta hannun Gwaggo yake bi, ƙanwar mahaifina da ke aure a Kurfi.

Wata ranar kasuwa Gwaggo ta biyo ta wajen aikina bayan ta sayar da daddawarta. Mace ce mai barkwanci, kullum da tsokana take shigowa, tana kirana Likita-bokan-Turai. Ran nan kuwa sai ta zauna tana ta murza bakin mayafi. Ta ajiye mini ɗan ƙulli, ta ce, "Likita, wata mata ce can wajenmu ta ce in roƙa mata maganin basir."

Na ce, "Wace mata, Gwaggo?"

Ta ce, "Kai dai ba magani kake bayarwa ba? Wata baiwar Allah ce. Jini take gani in ta zaga."

Na kwance ƙullin. Man shanu ne a ɗan gwangwani, an rufe bakinsa da tsumma an ɗaure da kaba sau uku. Mutum ɗaya ce a duniya take ɗaure gwangwani haka. Inna ce. Na dubi Gwaggo, ta kafa wa ƙasa ido. Ni da nake korar mazajen mutane a kan aiken magani, sai ga ni na miƙe sumui-sumui na ƙulla man shafawa da ƙwayar laushin ciki na ba ta. Ban ƙara tambayar komai ba. Ta yaya zan buɗe baki in tambayi yadda bayan gidan Inna yake?

Haka muka shiga yi. Duk bayan 'yan makonni Gwaggo ta zo da saƙon "matar nan", ni kuma in ƙulla. Kuma ba wai ba ta kawo mini bayani ba ne, tana kawowa, a gutsure. Yau ta ce jinin bai tsaya ba. Wani zuwan ta ce yanzu kuma sai ta yi kwana uku tana gudawa, sannan ciki ya ɗaure kamar an sa masa kwaɗo. Wani zuwan ta ce matar nan in ta zaga ji take kamar ba ta gama ba, ga majina-majina a ciki. Duk waɗannan na karanta su a makaranta. Na san abin da suke iya nufi ga wanda ya manyanta. Amma sai in ce wa kaina, haba, wa ya rasa basir a ƙauye? A wajenmu ai komai basir ne. Ciwon baya basir, kasala basir, namiji ya gaza a gida basir. Ga masu jiƙe-jiƙe a kasuwar Kurfi sun jera kwalabe, ana ta ɗirka wa Inna sassaƙe da saiwoyi, ni kuma ina ƙarawa da nawa na Bature. Da Gwaggo ta ce jiri na ɗibarta, sai na haɗa da ƙwayar ƙarin jini, har ina ganin na yi ƙoƙari.

Da Babbar Salla na je gida. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, sai idona ya sauka a kan hannunta. Awarwaron da na san ya kama mata tsintsiyar hannu, ga shi yana zamewa har gwiwar hannu. Inna da take dakan gero na gida guda ba ta ce wash ba, tana zaune ta jingina da bango, leɓenta fari fat. Na tattaro duk ƙarfin halina na ce, "Inna, an ce jikin ba daɗi?"

Ta kau da kai ta ce, "Tsufa ne."

Shi ke nan. Kuma bari in faɗi gaskiya ko da za ta tona mini asiri: daɗi na ji da ta ce haka. Ta sauke mini nauyi. Na sha furata, na hau babur na koma Dutsin-Ma. Duk cikin abin da ya faru, wannan ranar ce ta fi ci mini rai, don da idona na gani, ba aike ba.

Wadda ta tashe ni daga wannan barci abokiyar aikina ce, ungozomar ɗakin shan maganinmu. Kirista ce daga kudancin Zariya, ta girme ni nesa, ta daɗe a Dutsin-Ma har Hausarta ta fi ta wasunmu. Kowa Sista yake ce mata. Ba ta da ɓoye-ɓoye, in za ta faɗa maka magana ba ta duba girman rawaninka. Wata rana Gwaggo na fita da ƙullinta, Sista ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Malam, wannan wane irin basir ne da ya shekara bai ji magani ba? Na wane ne?"

Na ce na wata mata ce a ƙauyenmu.

Ta ce, "Kai da kake korar mutane? Dube ni nan. Uwarka ce?"

Na gyaɗa kai. Ta jawo kujera ta zauna, ta shiga jero mini tambayoyi. Shekarunta nawa? Na ce ta haura hamsin da biyar. Tana rama? Na ce tana rama. Jinin bayan ta gama yake ɗiga, ko a cakuɗe yake da bayan gidan? Na ce ban sani ba. Wa ya duba ta? Na ce babu.

Kai, ranar na sha wanki. Ta ce, "Shekara guda mace tana zubar da jini, ɗanta malamin asibiti, kuma ba wanda ya duba ta! Kunya? In ta mutu kunyar za ka riƙa gaisarwa da Salla?" Raina ya ɓaci, na ce ita ba za ta gane al'adarmu ba. Ta ce, "Na gane sarai, mu ma muna da tamu. Tunda kai ba za ka iya ba, ni ba 'yar farinta ba ce. Ranar Lahadi in na taso daga coci ka zo ka ɗauke ni."

Damina ce, gero ya fi mutum tsawo, hanyar Tamawa duk ta caɓe. Sau biyu muna sauka muna tura babur, takalmin cocinta ya yi kaca-kaca da laka. Da muka isa ta gaida kowa, ta tsokani Inna har ta yi murmushi, sannan ta kori mata daga ɗakin ta saki labule. Ni ina can ƙofar gida ƙarƙashin bishiyar bedi ina ta zanen ƙasa da kara. Ba ta yi minti goma ba ta fito. Ta wanke hannu da sabulu a hankali, ta daɗe tana wankewa, sannan ta zo ta zauna kusa da ni. Matar da ba ta iya magana a hankali ba, ran nan da ƙyar nake jin muryarta.

Ta ce, "Malam, ba basir ba ne. Akwai ƙari a ciki, mai tauri, ya kusa zagaye hanyar. Ɗan yatsa kawai na sa na taɓa shi."

Ɗan yatsa! Ba na'ura ba, ba hoto ba, ba tafiya Kaduna ba. Safar hannu guda da minti goma, abin da ke cikin akwatin aikina kullum. Da tun zuwan Gwaggo na farko na roƙi Sista wannan alfarma, da ta yi. Ko wannan dabarar ban yi ba, saboda neman Sista ma yana nufin in yarda da bakina cewa na san wace ce "matar nan".

Muka kai Inna Katsina, daga can aka tura mu Zariya. Gwaggo ce ta zauna da ita a ɗakin mata, ni ina waje ina safa da marwa. Aka yi hotuna, aka yanki tsoka aka auna, aka ce ciwon daji ne na ƙarshen babban hanji. Aka yi mata aiki. Bayan an fito likitan ya kira ni ofishinsa, wani dattijo mai sanyin magana. Ya ce sun cire abin da zai ciru, amma ciwon ya riga ya haye hanta. Ya ce sun buɗa mata hanya a gefen ciki, ta nan bayan gida zai riƙa fita cikin 'yar jaka. Sannan ya tambaye ni tun yaushe ta fara ganin jini. Na ce ya fi shekara. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce irin wannan in an zo da shi da wuri sau da yawa ana cin ƙarfinsa. Sai ya ce, "Kai mene ne aikinka?"

Na ce, "Manomi ne."

Allah ya yafe mini. Ƙarya na yi masa, don ba zan iya haɗa ido da shi in ce ni malamin asibiti ba ne.

Muka dawo da ita Tamawa ana gab da yankan gero. Abin da ya fi damun Inna ba mutuwa ba ce, salla ce. Kuka take yi wai yaya za ta tsaya gaban Ubangiji da ƙazanta a rataye a jikinta. Sai da limamin garin ya zo da kansa ya tsaya daga bayan labule ya gaya mata ita mai larura ce, ta yi alwala ta yi sallarta, Allah ya fi kowa sanin halin da take ciki. Sannan hankalinta ya ɗan kwanta. Sai kuma maganar canza jakar da wanke wurin. Matan gida suna tsoro. Gwaggo ta gwada, ta fama mata ciwon har ya yi jini, ta fito tana kuka. Ƙannena mata suna gidajen aurensu da goyo. Na duba na duba, babu wanda ya iya sai ni. Na ɗauki hutu a wajen aiki.

Safiyar farko na yi sallama, na tsallake bakin ƙofar nan da na shekara talatin da wani abu ina durƙusawa a bayanta. Na shiga da ruwan ɗumi da auduga. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf. Na yi aikina, hawaye na zuba a kan hannuna. Haka muka yi kwana da kwanaki, safe da yamma. Abin da muka shekara muna gudu, wai kada in ji labarin bayan gidanta, ga shi yanzu da hannuna nake kwashewa.

Wata rana da hantsi, na gama ina tattara kaya, sai na ji ta yi magana daga cikin mayafin. Ta ce, "Hannunka da sauƙi."

Na ce, "Sannu, Inna."

Sai ta janye mayafin ta dube ni. Iyakar sanina ranar ce ta fara kallona ido cikin ido. Ta ce, "Ka san ni ce tun farko, ko?"

Na ce, "Na sani, Inna."

Ta ce, "Ni ma na san ka sani. Duk ranar da Gwaggonka ta dawo daga Dutsin-Ma sai in ce mata, ya matsa a kan sai ya ji ko wace ce? Ta ce a'a. Sai in ce, yaron nan akwai kunya, Allah ya yi masa albarka." Ta numfasa. "Amma a raina so nake ka matsa. Tsoro nake ji, ban da wanda zan gaya wa."

Ban san lokacin da na kifa kaina a bakin gadonta ba. Ƙato da ni, mai mata da 'ya'ya, ina kuka kamar an yaye ni ranar. Ta ɗora hannu a kaina tana cewa in yi shiru, kwana ne in ya ƙare ba mai ƙara shi. Na yarda da wannan, ni Musulmi ne. Amma na san Allah bai hana ni tambaya ba, ni na hana kaina.

Bayan wannan muka yi hira irin wadda ba mu taɓa yi ba. Ta ba ni labarin ranar da aka ɗauke ni aka kai wa kaka, yadda ta riƙa fakewa da ɗiban ruwa don ta bi ta ƙofar gidan ta hango ni. Ta yi mini dariyar yadda nake tafiya kamar mahaifina. Wata biyu da 'yan kwanaki na samu da uwata, su ke nan rabona. An gama kai amfanin gona gida, wata ranar da rana tsaka, ta cika. Sista ta zo gaisuwa, ta zauna cikin mata har yamma. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba har muka rabu a aiki.

Daga baya, da ilimi ya ƙaru, na fahimci abin da ya ƙara mini baƙin ciki kuma ya ba ni abin yi. Wannan ciwo ba rana ɗaya yake faɗowa ba. Yawanci ɗan tsiro ne yake fitowa a bangon hanji, ya yi shekaru yana zaune shiru, ba zafi ba komai, kafin ya rikiɗe. In an gan shi a lokacin, cire shi ake yi, magana ta ƙare. Yanzu akwai gwajin bayan gida da ke gano jinin da ido ba ya gani, akwai kuma siririyar na'ura mai fitila da ake leƙa hanjin da ita. Likitoci suna cewa wanda ya kai arba'in da biyar ya je a duba shi ko lafiyarsa ƙalau, wanda kuma aka taɓa yi a gidansu ya riga haka zuwa. Ni na je an leƙa nawa, ban mutu don kunya ba. Ƙannena kuwa sai da na yi musu jan ido, har ɗaya ya yi fushi ya ce na raina shi. Shi ɗin aka samu da tsiro, aka cire, ga shi nan har yau yana noma a Tamawa yana yi mini gardama. Ina kuma yi wa jikokina faɗa su rage naman gwangwani da kayan kwalama, su koma wa wake da zogale da tuwon gero, su bar taba, su riƙa motsa jiki.

Ba na cewa duk jini ciwon daji ne. Basir gaskiya ne, yana nan da yawa. Amma ba mai kwalabe a kasuwa ne zai bambance maka su ba, ba kuma ɗan aike ba, sai an duba. Jinin da ya ƙi tsayawa, ciki da ya sauya hali, rama ba dalili, musamman ga wanda ya manyanta, wannan ba abin ƙulla magani a aika ba ne.

Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu, ban kuma ce a zubar da ita ba. Amma na koyi cewa akwai ranar da ladabi shi ne ka yi rashin kunya. In ka ga mahaifiyarka ko mahaifinka yana zubewa, shiga ɗakin ka zauna ka tambaya da bakinka, in ba za ka iya ba ka kawo wanda zai iya, yau ba gobe ba. Iyakaci ta ji nauyi, ta yi fushi, ta yi kwana uku ba ta yi maka magana ba. Ni da na kiyaye kunyar tawa, yau shekara arba'in ke nan ban ji muryarta ba.